Kofin da Ke Dawowa Cike

A majami'armu ta Talata Mafara da zoɓo muke yin Jibin Ubangiji, ba da ruwan inabi ba. Baƙi in sun zo daga kudu sukan yi mamaki, wasu har su yi ɗan murmushi, amma mu haka muka taso muka tarar, kuma uwata ce mai dafa shi. Ranar Asabar, jajibirin Lahadin farko na wata, za ta tsince zoɓo, ta tafasa shi da ɗan kanumfari, ta tace da farin ƙyalle, ta sa sukari kaɗan, ta bar shi ya huce. Da safe ta zuba a ƙananan kofuna ta jera a tire, dattawan ikkilisiya su ɗauka su bi benci-benci suna miƙa wa duk mai baftisma. In an tashi sujada tiren ya dawo hannunta ta wanke. Kowane wata kofi ɗaya kan dawo cike, kuma babu wanda bai san mai shi ba. Na babana ne.

Baba a bencin baya yake zama, can bakin ƙofa inda ake jingine tsintsiya. A wurinmu wannan benci ba wurin zaman ganin dama ba ne. Wanda ikkilisiya ta sa ƙarƙashin horo saboda wani laifi, nan ne wurinsa. Zai zo sujada, zai ji wa'azi, amma ba zai shugabanci komai ba, ba zai ci jibi ba, sai ranar da dattawa suka ga ya tuba suka kira shi gaban jama'a suka sake karɓarsa. 'Yan watanni ne, in ya yi tsanani shekara. Na ga mutane iri-iri sun zauna kusa da Baba: matar da ta yi dambe a bakin famfo, saurayin da aka tsinta cikin maye, har da wani mai kiɗan ganga da ba zan faɗi abin da ya yi ba. Kowa ya zo ya gama nasa ya koma gaba abinsa, Baba yana nan.

Ina yarinya abin yana ƙona mini rai. 'Yan ajinmu na makarantar Lahadi suna kirana 'yar mai gadin tsintsiya, har sai da na fasa wa wata baki, aka kai ƙarata gida. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk majami'ar nan ban ga wanda ya kai Baba natsuwa ba. Ba ya sha, ba ya zagi, shi ke fara zuwa ya share, in kwano ya yi yoyo shi ke hawa ya toshe. Kowace safiya kafin mu tafi makaranta sai ya tara mu ya karanta mana Maganar Allah, ya gaya mana cewa Yesu ya mutu saboda masu zunubi, kuma babu dattin da jininsa ba ya wankewa. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi me ya sa ba ya zama a gaba kamar iyayen mutane. Ya shafa kaina ya ce, “Nan iska ta fi shiga.”

Ko zoɓon da Mama kan ware mana na gida daga tukunyar nan, wanda muke rububi a kai, Baba ba ya taɓawa. Sai ya ce haƙoransa.

Iyayena daga wajen Zuru suka zo, lokacin da aka buɗe aikin noman rani na madatsar ruwa. Ni a Mafara aka haife ni, nan na yi karatu, nan na koyar a firamare, nan na yi aure, kuma da mijina ya rasu na kwaso yarana na dawo gidan iyayena. Duk tsawon wannan lokaci ban san laifin Baba ba. Sai da Mama ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

Wata Asabar ce da hantsi. Ba ta iya tsayuwa bakin murhu, sai aka fito da ita kan tabarma a gindin darbejiya tana nuna mini yadda ake yi. Baba ya fita. Na gama tacewa, na ɗauko kofuna ina ɗaurayewa, sai na ware ɗaya gefe, na ce wannan ai wahalar banza ce, wanda ba zai sha ba me ya sa za a yi ta zuba masa.

“Mayar da shi cikin 'yan'uwansa,” in ji Mama. “Zauna nan, 'yar nan. Yau zan gaya miki abin da kika daɗe kina tambayata da ido.”

Ashe Baba da wani mutumin Damri, Musulmi, su biyu ke tsaron ƙofar ruwa ɗaya a wajen Dosara, can ta Maradun, suna karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan. Aikin ba wuya: ka juya ƙarfe da safe ƙofa ta buɗe, ruwa ya bi kanal ya shiga gonaki, in ya kai alama ka rufe. Abokai ne na ƙwarya ɗaya. Da Babbar Sallah naman layya kan zo gidanmu daga Damri, da Kirsimeti shinkafar Mama ta tafi can. Wata Talata ranar aikin mutumin Damri ce, sai ta faɗo daidai da sunan ɗansa na fari. Ya roƙi Baba ya riƙe masa, Baba ya ce ba komai. Da baki suka yi, kamar yadda suka saba, ba wanda ya sanar da manya.

Baba ya buɗe ƙofa da safe, sai ya tuna kasuwa na ci a Mafara. A lokacin yana sha. Ya ce bari ya bi motar kasuwa ya leƙa gidan burkutu, ya dawo kafin ruwa ya kai alama. Bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Kafin nan ruwa ya cika ya ɓalle gefen kanal, ya kwashe alkamar mutane da ta fara fitar da kai.

Manyan aiki suka zo bincike, suka tsayar da su biyun a gaban manoman da aka yi wa ɓarna. Mutumin Damri ya faɗi yadda suka yi. Aka juyo ga Baba. Ina goye a bayan Mama a lokacin, ba shi da gona, ba shi da kowa a ƙasar nan sai aikin. Ya buɗe baki ya ce, “Ba mu yi haka da shi ba.” Mutumin Damri bai yi ihu ba, bai yi rantsuwa ba. Ya dube shi ido cikin ido ya ce, “Allah ya isa.” Ya ɗauki butarsa da tabarmar sallarsa ya tafi. Shi aka kora.

Daga ranar Baba bai ƙara kai giya bakinsa ba. Bayan 'yan watanni, da abin ya hana shi sukuni, ya je da ƙafarsa gaban dattawan ikkilisiya ya faɗi komai, suka sa shi a horo. Ya koma wurin manyan aiki ya ce ƙarya ya yi, suka ce magana ta riga ta wuce, an ɗauki wani, in ba shi ma kora yake nema ba ya koma bakin ƙofarsa. Da lokacin horo ya cika aka kira shi gaba, fasto ya kama hannunsa, jama'a suka yi waƙa, aka ce ya koma cikin 'yan'uwa. Lahadi na zagayowa aka gan shi a bencin baya. Dattawa sun ce ya je Damri ya nemi gafara, kuma ya sha shiga mota da niyyar haka. Yana kaiwa tashar Bakura sai ya sauka, ya zauna a inuwa, ya juyo gida.

Babana, wanda ke dukanmu in mun yi ƙarya a kan ƙuli-ƙuli!

Mama ta ce, “Ni na san Ubangiji ya gafarta masa tun ranar da ya durƙusa. Shi ne bai sani ba. Ki riƙa zuba masa. Ran da zai miƙa hannu, kada ya tarar babu.”

Ba ta ga wani jibin ba bayan wanda na dafa a gabanta. Tire ya zama nawa.

Ni kuwa ba ni da haƙurin Mama, kowa ya shaida. Ita takan juye kofin nan a gindin darbejiya ba ta ce uffan ba. Ni wata na farko na daure, na biyu na daure, ana nan wata Lahadi na dawo gida da kofin a hannuna, na dire shi gaban Baba har ya fantsama.

Na ce, “Baba, don Allah in tambaye ka. Abin da ka tashe mu kana koya mana kowace safiya, gaskiya ne ko tatsuniya kake yi mana?”

Ya ce, “Gaskiya ne.”

“To wato jinin Yesu ya wanke kowa, ya wanke ɓarawo a kan gicciye, ya wanke mai gangar nan da kowa ya san abin da ya yi, sai kai ne ya gagara? Kai kaɗai a duk faɗin Zamfara? Wallahi Baba, ka yi haƙuri, wannan ba tawali'u ba ne, girman kai ne.”

Na zaci zai yi faɗa. Ya daɗe yana kallon kofin. Ya gane Mama ta gaya mini.

“Na gaskata, 'yata,” in ji shi. “Na gaskata haka yake ga kowa. Amma da tire ya iso gabana sai in ji muryar mutumin Damri. Mutum ya kai ƙarata wurin Allah, kuma shi ke da gaskiya. Ta yaya zan zauna a teburin Alƙalin ina ci ina sha, mai ƙara yana tsaye a waje?”

Sai na ce to ya shirya, ni zan kai shi Damri. Ya yarda. Muka sa rana, ya sa farar rigarsa ta zuwa majami'a, na sayi goro da sabulu na tsaraba. A mota har yana nuna mini gonakin dankali yana gaya mini na wane da na wane. Muna isa Bakura, ina cinikin baburan da za su ƙarasa da mu, na waiwaya na gan shi zaune a kan dakalin mai shayi, zufa ta jiƙa rigar sharkaf. Ya ce cikinsa ke ciwo. Na yi lallashi, na yi faɗa, har mutane suka fara kallonmu. Haka muka juyo, ban yi masa magana ba har Mafara. Goron nan a gida ya bushe.

Duk faston da aka kawo mana sai ya gwada sa'arsa. Wani ya zo gida da littattafai, wani ya yi wa'azi guda cur a kan ƙaunar Allah yana kallon bencin baya har wuyansa ya ƙage. Baba ya saurara, ya ce amin da ƙarfi, ya yi godiya a bakin ƙofa. Wata ya kama, kofi ya dawo cike.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya ɗan karkace, magana ta yi nauyi. Ya tashi, alhamdu lillahi, yana takawa da sanda, amma likita ya ja ni gefe ya ce irin wannan ciwo in ya dawo ba ya sallama. Daga nan tsoro ya shige ni. Ba mutuwarsa nake tsoro ba, duk mai rai mamaci ne, kuma ni ban taɓa shakkar inda za shi ba. Abin da ke cin raina shi ne ya rufe ido yana zaton Ubangiji na fushi da shi. Mutumin da ya yi wa Allah shara shekara da shekaru ya tafi gabansa yana ɓari kamar wanda za a yi wa bulala! Addu'o'in da na yi a wannan lokaci ba na ladabi ba ne. Nakan ce, “Ya Uba, na gaji. Ni na kasa, fastoci sun kasa, Mama ta mutu tana jira. In kana ƙaunarsa kamar yadda aka ce, to ka gaya masa da kanka, don mu ba ya jin namu.”

Ranar da abin ya faru Asabar ce ta dafa zoɓo. Na tace ke nan na sa shi ya huce, Baba na zaune a kujerar roba a gindin darbejiya, sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida ya wuce, aka yi sallama.

“Salamu alaikum! Nan na gidan tsohon mai ƙohwar ruwa?”

Na amsa ina gyara ɗankwali. Kafin in kai zaure na dubi Baba, sai na ga hannunsa mai lafiya ya damƙe hannun kujera, idanunsa sun fito. Nan take na gane muryar wa ya ji. Da yake ni ce, sai na ɗaura zani da kyau. Na ce a raina, in tsohon nan ya zo ne ya ci mutuncin marar lafiya, to yau zai san Baba ya haifa.

Wani ɗan siririn dattijo na tarar, farin gemu, rawani ya sha wanki, yana dogara sanda shi ma. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, “Ke ce ɗiyar da anka goya? Allahu akbar!” Na shimfiɗa masa tabarma kusa da kujerar Baba.

Suka shiga gaisuwa irin ta mutanenmu, wadda ba a gajarta ta ko gida na cin wuta. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya zafi, ya aka ji da zaman yau. Ya yi wa Baba ta'aziyyar Mama, ya ce labari ya ishe shi a makare, Allah ya ba da haƙuri. Baba na amsawa da “lafiya” da “mun gode”, kansa a ƙasa, muryarsa da ƙyar take fita. Ni ina tsaye a bakin madafa, ludayi a hannu, na ƙi matsawa.

Da gaisuwa ta ƙare, mutumin Damri ya gyara zama ya ce, “Yara sun biya mani kujera. Bana, in Allah ya yarda, za ni sauke farali. Ka san al'adarmu, mutum bai kama wagga tahiya sai ya zagaya ya nemi yahiya ga duk wanda sunka zauna tare, don ba a san mai dawowa ba. Na gama da Damri, na gama da Bakura. Kai na bari ƙarshe, don naka ya hi nauyi.”

Sai ya ajiye sanda, ya durƙusa a kan tabarma, tsoho da shi, ya ce, “Ka yahe mani.”

Baba ya ɗago kai ya ce, “Ni? Ni zan yafe maka?”

“Awo, kai. Ba ni ɓoye maka, na sha wuya bayan korar nan. Akwai damanar da sai tahwasa munka ci, ba gishiri. Tun rannan bakina bai huta da Allah ya isa ba, ko ruwa na gani cikin kanal sai na hwaɗe ta. Wannan haƙƙina ne, Allah ya sani. Amma da anka ce mani ciwo ya kada kai, wallahi sai da na ji daɗi ga raina. Na kwana ina jin daɗi, na tashi ina jin daɗi. Mutumin da munka ci ƙwarya guda! Wanga daɗi shi nika tsoron in ɗauka in tahi da shi gaban Ɗakin Allah.”

Baba ya fara ƙoƙarin saukowa daga kujera. Na ruga in riƙe shi, ya ture ni da hannun nan ɗaya, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya zube a kan gwiwoyinsa, suka fuskanci juna, tsofaffi biyu a kan tabarma ɗaya. Da bakin nan nasa karkatacce, kalma na fita da ƙyar, ya ce:

“Mun yi haka da kai. Ka ba ni ranarka, na karɓa. Na bar ƙofa a buɗe na je na sha giya. Na yi maka ƙarya a gaban mutane. Mun yi haka da kai.”

Hawaye na bin gemun mutumin Damri yana ɗiga a riga. Can ya ce, “Ita kaɗai nika son in ji tun rannan.” Ya kama hannun Baba, shanyayyen, ya riƙe da hannu biyu. “Na janye Allah ya isa. Na yahe maka duniya da lahira. Allah shi yahe muna baki ɗai.”

Baba ya ce shi ma ya yafe, ko da yake kuka bai bar maganar ta fita sosai ba. Ni da na ɗaura zani don faɗa, sai ga ni a madafa na toshe baki da gefen zanin ina gunji. Da na samu kaina na wanke fuska, na ɗebo ruwan randa, na zuba zoɓon da nakan ware na gida a babban kofi na kai wa baƙo. Ya sha ya yi hamdala ya ce, “Kai, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Ban taɓa shan mai daɗin wanga ba.” Na miƙa wa Baba nasa, ya girgiza kai. Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce yau ba ranar faɗa ba ce.

Suka zauna suna hira kamar jiya suka rabu. Wane ya mutu, wane ya makance, kanal ɗin nan duk ciyawa ta cinye shi. Mutumin Damri ya ce Baba ya tsufa ya lalace, Baba ya ce shi da ba haƙori ko ɗaya a gaba har yana da bakin magana. Ashe ɗan da aka yi sunansa ranar Talatar nan shi ne ya zama babban ɗan kasuwar albasa, kuma shi ya biya kujerar. Da azahar ta yi na ba shi buta da sabuwar tabarma ya yi salla a zaure. Ya ci tuwo kaɗan, ya ce zai kama hanya da sauran rana, don hanyar yanzu ba a yi mata yamma. Baba ya raka shi har bakin titi, sanda biyu suna ƙwanƙwasa ƙasa.

Da Baba ya dawo sai ya zauna. Ina kwashe kwanuka sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, “Ni ya kamata in je Damri. Na kasa wuce Bakura. Sai wanda na yi wa laifi ya taso da ƙafarsa ya zo har gidana.” Ya juyo ya dube ni. “Ashe haka Ubangiji ya yi mana, 'yata. Shi aka yi wa laifi, shi ya taso ya zo. Na yi shekaru ina karanta muku, ban taɓa ganinsa da ido ba sai yau.”

Na ci gaba da kwashe kwanukana, don na san bakina, kada in ɓata.

Washegari na zuba kofuna na jera, nasa a ciki kamar kullum. Muka shiga majami'a ina riƙe da hannunsa. Ina jan shi mu wuce gaba, sai ya zare hannu ya zauna a bencin baya, kusa da tsintsiya. Na ce shi ke nan, tsohon nan ko mala'ika aka aiko masa sai ya ce haƙoransa. Na wuce wurin zumuntar mata na zauna, raina a ɓace, ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ranar ba. Da aka zo jibi na karɓi gurasa, na karɓi kofina na sha, na roƙi gafarar fushin da nake ciki. Ina jin takun dattawa suna yin baya da tire, benci bayan benci. Na ƙi waiwayawa. Na sha waiwayawa a baya, na san abin da ake gani.

Aka yi albarka aka tashi. Dattijon da ya kai tire baya, wanda tare suka yi ƙuruciya da Baba, ya zo ya ɗora mini shi a hannu. Ya juya ya fita da sauri. Na duba. Na bi layi-layi da ido, na sake bi. Babu kofi ko ɗaya mai zoɓo a ciki.

Har a lokacin ban yarda ba. Na ce wataƙila baƙo aka yi ya ɗauka. Na nufi baya da tiren a hannu, ina ture mutane ba ko gafara. Baba na zaune inda na bar shi, sanda a tsakanin ƙafafunsa. A ƙirjin farar rigarsa ga jan ɗigo nan, inda zoɓo ya zubo ta gefen bakin da ba ya rufuwa sosai.

Na tsaya a kansa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Baba, ka ɓata rigarka.”

“Bar ta,” in ji shi.

“To wata mai zuwa sai mu koma gaba.”

“A'a. Nan iska ta fi shiga.” Ya ɗan lashe leɓe, ya dube ni ta wutsiyar ido, fuskarsa a sake yadda ban taɓa ganinta ba tun da na yi wayo. “Amma in gaya miki gaskiya, mutumin Damri kara ya yi miki jiya. Sukari ya yi yawa. Na uwarki ba haka yake ba.”

Na zauna kusa da shi a bencin nan da na tsana tun ina yarinya, tire a cinyata, ina dariya ina kuka, mutane na wucewa suna kallonmu. Iska kuwa tana shigowa ta ƙofa, mai sanyi.